Yadda Ake Ƙalubalantar Tarar Gudun Wuce Sa'a a Kotu a Legas

A da, direban da ya taka mota fiye da ƙa'ida a Legas yakan san ya shiga hannu ne a lokacin da jami'i ya ɗaga masa hannu ya ce ya sauka gefen titi. Yanzu kuwa sau da yawa mutum yakan isa gida lafiya, ya ci tuwonsa, sannan saƙon tes ya faɗo wayarsa ɗauke da lambar motarsa da kuɗin da ake nema ya biya. A watan Fabrairun 2025 Kwamishinan Sufuri na jihar, Oluwaseun Osiyemi, ya sanar da kafa kyamarorin auna gudu a Alapere ta wajen Ogudu, inda iyakar gudu take kilomita 80 a sa'a, da kuma titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja, inda take kilomita 60, ya kuma bayyana cewa tarar wuce iyaka naira 50,000 ce, ta keta jar danja kuma naira 20,000. Ga mai ɗauko tumatir daga Mile 12 ko mai jigilar nama daga mayankar Oko-Oba, wannan kuɗi ne da ya isa a tsaya a duba ko da gaske an aikata laifin kafin a zura hannu a aljihu.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a wannan harka ɗabi'a ce mai kyau da ake kai ta inda ba wurinta ba. An rene mu a kan cewa idan babba ya tuhume ka, ladabi shi ne ka sunkuyar da kai ka ce a yi haƙuri ko da kana da gaskiya, daga baya a bi ba'asi. A zauren Sarkin Hausawan Agege wannan ɗabi'a tana kashe wutar rigima. A gaban majistare kuwa roƙo hanyarsa daban, musu hanyarsa daban, kuma wanda aka karanta wa tuhuma ya amsa da "a yi haƙuri" yana iya sa a fahimce shi a matsayin wanda ya amsa laifi. Saboda haka tun daga ranar farko ya kamata mutum ya san wace hanya ya ɗauka, kuma duk matakan da ke tafe a kan wannan zaɓi suka dogara.

Mataki na farko: gano hukumar da ta ci ka tara

Hukumomin da suke aiki a titunan Legas suna da yawa, kuma kowace da dokarta da ofishinta da hanyar biyanta. LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, wadda aka kafa a shekarar 2000 zamanin gwamna Bola Tinubu, hedikwatarta tana Oshodi. Hukumar duba lafiyar motoci ta jiha, VIS, wadda har yau direbobi suke kira VIO, tana Ojodu Berger, kuma ita ce take da shafin PayVIS inda ake sa lambar mota a ga tarar da kyamara ta rubuta. Waɗannan biyu da Dokar Gyaran Harkar Sufuri ta Jihar Legas ta 2018 suke aiki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta tarayya ce, an kafa ta a 1988, tana aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, kuma ta hanyar Remita, tsarin biyan kuɗi ta intanet, ake biyan tararta. Wanda ya kai koken kyamarar jiha ofishin FRSC ya yi asarar yini da kuɗin mota.

Ka karanta takardar ko saƙon a tsanake, in karatun Turanci yana ba ka wahala ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka kalma bayan kalma. Abubuwan da kake nema su ne sunan hukumar, lambar takardar, lambar motar, rana da lokaci, wurin da aka ce abin ya faru, laifin da aka ambata, da wa'adin da aka ba ka. Kada ka goge saƙon, ka ɗauki hotonsa ka ajiye. Idan saƙon ya zo da mahaɗin intanet, kada ka latsa shi, domin 'yan damfara sun iya kwaikwayon saƙon hukuma. Ka buɗe shafin hukumar da kanka ka sa lambar motarka ka gani ko tarar tana nan. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin tara cikin asusun wani mutum, ko da yana sanye da kaki, ba tara yake karɓa ba.

Idan kana da niyyar musu, kada ka biya tukuna. A aikace biyan tara yana rufe magana, kuma dawo da kuɗin da ya shiga asusun gwamnati ya fi hana shi shiga wuya nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: ga hujjar da idonka

Tarar kyamara a kan hoto take tsayawa, don haka ka nemi ganin hoton ko bidiyon, a shafin hukumar ko a ofishinta. Lambar motar Legas haruffa uku ce na ƙaramar hukuma, kamar GGE na Agege ko KJA na Ikeja ko APP na Apapa, sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu. Na'ura ce take karanta lambar, kuma lambar da ta koɗe ko laka ta ɓata tana iya sa a karanta 8 a matsayin 3, ko a rikita D da O. Ka gwada lambar da ke cikin hoton da taka harafi bayan harafi, sannan ka duba ƙirar motar da launinta da duk wata alama da ka san motarka tana da ita ko ba ta da ita, kamar ƙarfen ɗora kaya a sama, fashewar fitila, ko rubutu a gilashin baya. Idan lambar taka ce amma motar ba taka ba ce, to wani ya kwaikwayi lambarka, kuma wannan ya wuce maganar tara: ka kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, ka karɓi takardar shaidar rahoton, domin motar da ta yi gudu da lambarka yau tana iya yin abin da ya fi gudu muni gobe.

Mataki na uku: yi wa kanka shari'a kafin alƙali ya yi maka

Nan ne ya kamata mutum ya zauna shi kaɗai ya gaya wa kansa gaskiya. Akwai hujjojin da kotu take saurara: motar da ke hoton ba taka ba ce, ka sayar da motar kafin ranar, a lokacin da aka ambata motar tana wani wuri kuma kana da shaida, babu allon iyakar gudu a wurin, ko akwai amma abin da ke rubuce a kansa ya saɓa da abin da aka auna ka da shi, an rubuta maka tara biyu a kan wucewa ɗaya, ko kuma hukumar ta kasa tabbatar da cewa na'urarta tana aiki daidai. Akwai kuma maganganun da suke da daɗin faɗa a tashar mota amma ba su da nauyi ko kaɗan a kotu, irin su "kowa ma gudu yake yi a wurin", "titin fayau yake babu kowa", ko "ban san an sa kyamara ba". Cewa mitar gudun motarka ta lalace ya fi waɗannan duka muni, domin ka amsa laifin gudu ka kuma ƙara da na tuƙa motar da ba ta da lafiya.

Akwai wani tarko da masu motocin tokumbo suke faɗawa ba tare da sun sani ba. Motar da aka shigo da ita daga Amurka, manyan alƙaluman mitarta mil suke nunawa, kilomita kuwa ƙananan alƙaluma ne a ciki. Mil 50 ita ce kusan kilomita 80, mil 60 kuma ta haura kilomita 96. Direban da ya ga allo an rubuta 80 a Alapere, ya duba allurarsa ya ga tana kan 60, ya saki jiki yana ganin yana ƙasa da iyaka, alhali ya wuce ta da kilomita 16. Haka nan wanda ya sa wa motarsa tayar da ta fi ta asali girma, mitarsa za ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da yake yi. Irin wannan mutum zai rantse da zuciya ɗaya cewa bai yi gudu ba, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba, amma kyamara ce take da gaskiya.

Ya kamata kuma a san cewa iyakar ba ɗaya ba ce ga kowace mota. A ƙa'idar hanya ta ƙasa, ƙaramar motar gida tana da kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai tagwayen hanyoyi. Tasi da bas suna tsayawa a 90 a kan babban titin. Tirela da tankar mai kuwa 45 ne a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a babban titi. Inda aka kafa allo, abin da ke kan allon ake bi. Direban tanka da ya taso daga Apapa yana bin sahun ƙananan motoci yana iya wuce iyakarsa alhali su ba su wuce tasu ba.

A ra'ayina, wanda ya duba ya ga motarsa ce, shi ne a ciki, allon yana tsaye, kuma gudun ya wuce, ya biya ya karɓi rasit. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin kotu tana da ikon yanke hukuncin da doka ta tanada, wanda ba dole ne ya tsaya a kan adadin da ke cikin saƙon ba, ban da kwanakin kasuwa da za a rasa ana zirga-zirga. Wanda kuwa aka kwaikwayi lambarsa, ko ya sayar da motar, ya dage ko da tarar ba ta kai kuɗin lauya ba, saboda in ya biya ta farko, ta biyu da ta uku suna nan tafe.

Mataki na huɗu: tara shaida tun abin yana da zafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin kwana biyu ko uku da samun saƙon, ka koma wurin da aka ambata da rana, ka bi hanyar ta ɓangaren da aka ce ka bi, wani yana tuƙi kai kana ɗaukar bidiyo daga nesa kafin kyamarar har ka wuce ta, yadda za a ga ko akwai allon iyakar gudu, ko ya faɗi, ko reshen bishiya ko fastar 'yan siyasa ta rufe shi. Ka tabbata wayar tana nuna ranar da aka ɗauka. Gaggawar tana da dalili: allon da babu shi yau ana iya kafa shi mako mai zuwa, kuma daga nan bakinka kawai ya rage.

Idan hujjarka ita ce motar ba ta wurin, ka nemo duk abin da yake ɗauke da rana da lokaci. Na'urar bibiya da aka sa wa mota saboda ɓarayi tana ajiye tarihin tafiya da gudu. Direban Uber ko Bolt yana da tarihin tafiye-tafiyensa a manhaja. Takardar lodin kaya, rasit ɗin gidan mai, takardar garejin da motar ta kwana, tikitin filin ajiye motoci, duk suna da amfani. Idan bakanike ne yake riƙe da motar a ranar, ka nemi yardarsa tun yanzu cewa zai zo ya faɗa da bakinsa, kuma ka shirya ɗaukar nauyin zuwansa, domin wasiƙar da ya rubuta ba ta kai tsayuwarsa a gaban alƙali ƙarfi ba.

Maganar sayar da mota tana bukatar a ɗan dakata a kanta, domin ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Ana cinikin mota a Agege ko Idi-Araba da shaidu biyu da musafaha da "Allah ya sa albarka", a miƙa makulli da takardu, ba a je hukumar rajistar motoci ta jiha, MVAA, an canza suna ba. A wurin gwamnati motar tana nan a matsayin taka, lambar wayarka ce a rajista, don haka kai kyamara ta sani. Wanda ya tsinci kansa a wannan hali ya nemo takardar yarjejeniyar ciniki, shaidar shigar kuɗin a banki, da shaidun cinikin, ya yi takardar rantsuwa a kotu yana bayyana ranar da motar ta bar hannunsa, sannan ya matsa wa mai sayen a je a canza suna. Mai motar da ya ba direba haya shi ma gare shi saƙon zai zo, kuma littafin da yake rubuta wanda ya fita da mota kowace rana shi ne zai nuna wanda yake kan sitiyari.

Mataki na biyar: rubuta koke ga hukumar

Kafin a kai ga alƙali, ka rubuta wa shugaban hukumar da ta ci ka tara wasiƙa da Turanci, gajeriya, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ka sa sunanka, lambar motar, lambar takardar tara, rana da wurin, sannan ka faɗi a jimla biyu ko uku cewa ba ka amince da tuhumar ba da dalilinka, ka lissafa takardun da ka haɗa, ka nemi a soke tarar, in kuma ba za a soke ba a miƙa maganar kotu a sanar da kai rana. Kada ka sa roƙo a ciki, kada ka ambaci tsadar rayuwa ko yawan iyali, kada kuma ka rubuta wata jimla mai kama da "ko da na yi gudu, ba da gangan ba ne", domin wasiƙar tana iya dawowa gabanka a kotu.

Ka kai kwafi biyu da hannunka, a karɓi ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan ka tafi da shi. Kwafin takardunka za ka bayar, na asali su zauna a wurinka. Kuskuren lamba da maimaita tara irin matsalolin da ake iya warwarewa a wannan mataki ne, tunda jami'in da ya ga jar Corolla a hoto da farar bas a takardunka ba ya bukatar alƙali ya gaya masa. Idan an ce an soke, ka nemi a ba ka a rubuce. Idan kuma jami'i ne ya tare ka a hanya aka tafi da motar, ka karɓi takardar da ta nuna an riƙe ta, ka ɗauki hoton jikinta, ka kwashe kayanka masu daraja, ka kuma tambayi kuɗin ajiya da ake lissafawa, domin shi ma yana shiga lissafin ko jayayyar za ta biya.

Mataki na shida: lauya, da jita-jitar tasha

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa. Inda hujjar a fili take, kamar hoton motar da ba taka ba, mutum mai natsuwa yana iya tsayawa da kansa. Inda za a yi jayayya a kan ingancin na'ura, lauya ya fi. Wanda ba shi da hali ya nemi Ofishin Lauyan Kare Jama'a na jihar, OPD, wanda aka kafa a shekarar 2000 domin marasa ƙarfi, kuma kyauta yake aiki. Ka guji masu tsayawa a bakin kotu suna cewa sun san akawu ko sun san mai gabatar da ƙara.

Za ka ji ana cewa ai kotu ta hana cin tara. Asalin maganar hukunci biyu ne. A 2022 Mai shari'a Olalekan Oresanya na Babbar Kotun Legas ya yanke cewa LASTMA ba ta da ikon cin tara da jan mota ba tare da umarnin kotu ba, gwamnatin jihar kuma ta ɗaukaka ƙara. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na birnin tarayya tare motoci da cin tara, gwamnatin Legas kuma ta fito ta ce hukuncin bai shafe ta ba domin tana da dokarta ta 2018. Waɗannan hukunce-hukunce makami ne a hannun lauya a cikin kotu. Wanda ya dogara da su ya yi watsi da saƙon tara zai tarar da ita tana jiransa ranar da ya je sabunta takardun mota.

Mataki na bakwai: ranar zama

Ƙananan laifukan hanya majistare ne yake sauraronsu, sau da yawa a kotun tafi-da-gidanka ta laifuka na musamman da aka ƙaddamar a 2016 zamanin gwamna Akinwunmi Ambode, wadda take zama a Bolade, Oshodi, da wasu wuraren. Takardar da aka ba ka ita za ta nuna inda za ka je. Kotu da ƙarfe 9 na safe take fara zama, kuma wanda zai taso daga Alaba Rago ko Ikorodu ya san abin da cunkoson safiya yake nufi, don haka ya fita bayan sallar asuba. Rashin zuwa yana iya jawo takardar kamu. Ka zo da lasin, takardun mota, katin shaida, takardunka na asali da kwafi uku na kowace, shaidunka, da mutum ɗaya ko biyu masu katin shaida da tabbataccen adireshi a Legas waɗanda za su tsaya maka in an bukaci beli. Ka sanar da akawun kotu cewa ka iso, ka kashe waya, ka zauna.

Da an kira sunanka, kafin komai, in Turancinka na kasuwa ne, ka ce: "Ya mai shari'a, ina roƙon a ba ni tafinta na Hausa." Wannan haƙƙi ne da sashe na 36 ya tanada, kuma ba a biyan ko kwabo. Kada kunya ta sa ka ce kana ji alhali rabi kake ji. Turancin kotu ko waɗanda suka yi boko yana ba su wahala. Idan babu tafinta a ranar, a ɗage zaman ya fi maka. Majistarorin Legas da yawa mata ne, kuma girmamawar ɗaya ce: a tsaye ake magana, ba a katse alƙali, ba a kuma yi wa jami'in da ya kawo ƙara tsawa.

Za a karanta tuhumar a tambaye ka ko ka fahimta, sannan a tambaye ka ko ka aikata. Amsar wanda ya zo musu kalma uku ce: "Ban aikata ba." Kada ka ƙara bayani a nan, lokacinsa yana zuwa. Daga wannan amsa nauyi ya koma kan masu ƙara, domin tsarin mulki ya ɗauke ka marar laifi har sai an tabbatar, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an tabbatar da laifi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba. Ka nemi beli, ka nemi a ba ka kwafin hujjojin da za a yi amfani da su, ka kuma nemi lokacin shiri in kana bukata.

Mataki na takwas: tambayar shaidar masu ƙara

A nan ake cin shari'a ko a faɗi. Jami'in hukumar zai yi rantsuwa ya ba da bayani, ya miƙa hoton ko takardar da na'ura ta fitar. Lokacin miƙawar shi ne lokacin ƙin amincewa, domin in aka karɓi takarda aka sa mata lamba kana shiru, gyaran ya yi wuya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗa a kan duk hujjar da ta fito daga kwamfuta: a nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai domin wannan aiki, cewa tana aiki daidai a lokacin da abin ya faru, kuma a kawo takardar shaida mai sa hannun wanda yake da alhakin kula da ita, ko ya zo ya yi bayani da bakinsa. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan sharaɗi a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, inda ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet ba tare da cika shi ba. Sai dai a tuna cewa wuƙar kaifi biyu gare ta: bidiyon wayarka da bayanan na'urar bibiyar motarka su ma wannan sashe ya hau kansu, don haka ka sa lauya ya shirya maka taka takardar shaidar.

Idan aka ba ka damar tambaya, tambaya za ka yi, gajeriya, ɗaya bayan ɗaya, kana fuskantar alƙali. Ka tambayi jami'in ko yana wurin lokacin da abin ya faru. Ka tambaye shi ranar ƙarshe da aka gwada na'urar aka daidaita ta, wane ne ya yi, kuma ina takardar. Ka tambaye shi inda allon iyakar gudu yake da nisansa daga kyamarar, da ko ya gan shi da idonsa a ranar. Idan motoci biyu ko uku ne a hoton, ka tambaye shi yadda aka san wadda aka auna. Idan na'urar hannu aka yi amfani da ita, ka tambaye shi inda ya tsaya, horon da ya samu a kanta, da ko ya nuna maka abin da ta rubuta a lokacin. In ya ce bai sani ba, kada ka yi masa gardama, ka wuce tambaya ta gaba, domin alƙali yana rubutawa kuma "ban sani ba" ɗin nan riba ce gare ka. Kada ka yi tambayar da amsarta za ta cuce ka, kamar tambayarsa ko ya ga fuskar direban alhali ka san fuskarka ta fito sarai.

Idan masu ƙara suka rufe ba tare da sun haɗa ka da laifin ba, ana iya roƙon kotu ta sallame ka ba sai ka kare kanka ba. Idan kuma shaidarsu ya yi ta ƙin zuwa ana ta ɗage zama, ka roƙi a kori ƙarar saboda rashin bibiya. Kai dai kada ka fasa zuwa ko sau ɗaya.

Mataki na tara: kariya, hukunci, da abin da ke biyo baya

Doka ba ta tilasta maka ba da shaida ba, amma in hujjarka labari ce da sai kai za ka faɗa, ka shiga ka yi rantsuwa ka faɗe shi a jere: inda motar take, wanda take hannunsa, da takardar da ta nuna haka. Mai gabatar da ƙara zai yi maka tambayoyi, ka amsa abin da aka tambaya kawai, kada kuma ka ƙara gishiri, domin ƙarya guda da aka kama takan zubar da gaskiya goma.

Idan aka same ka da laifi, za a ba ka damar neman sassauci kafin a yanke hukunci, kuma nan ne wurin roƙon da ka riƙe tun farko. Ka faɗi cewa wannan ne karonka na farko in haka ne, ka ambaci iyali da sana'a, in kuma marar lafiya ka ɗauko zuwa asibiti ka nuna katin asibitin. Dokar Legas ta ba majistare damar yanke aikin yi wa al'umma hidima a ƙananan laifuka. Tarar da aka yanke ta hanyar da kotu ta nuna ake biya, a karɓi rasit. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, sai dai wa'adin gajere ne kuma daga ranar hukunci ake fara ƙirga shi, don haka ya ga lauya a cikin makon.

Idan aka sallame ka, ka nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, wanda tsarin mulki ya ce kana da haƙƙin samu cikin kwana 7 da kammala shari'ar. Ka kai wa hukumar kwafi tare da wasiƙar neman a cire tarar daga rajista, a sake buga maka hatimin karɓa, in kuma an riƙe motarka ko lasinka ka nemi a sake su da wannan takarda. Bayan mako ɗaya ko biyu ka sake sa lambar motar a shafin hukumar. In tarar tana nan, ka koma ofishin da kwafin da aka buga wa hatimi, kuma ka ajiye kwafi ɗaya na hukuncin a cikin motar tare da sauran takardunta har ranar da ka sabunta su ba tare da an tsayar da kai ba.